Ruwan da Bilatus ya wanke hannu da shi

Akwai wata shaidar bangaskiya wadda Kirista da yawa a duniya suke miƙewa tsaye su faɗa kowace Lahadi, tun ƙarnuka masu yawa da suka shige. In ka saurare ta da kyau, za ka ji sunaye uku kaɗai na waɗanda suka taka ƙasar nan: Yesu Almasihu, da uwarsa Maryamu, sai kuma wani ma'aikacin gwamnati mai suna Buntus Bilatus. Babu sunan Bitrus, babu na Bulus. Ko Yahuza wanda ya karɓi kuɗi ya bashe shi, da Kayafa babban firist wanda ya ƙulla makircin, ba a ambace su ba. Wanda aka ambata shi ne mutumin da bai ƙi Yesu ba, bai ci kuɗi a kansa ba, har ma ya faɗa a bainar jama'a cewa bai same shi da laifi ba, amma duk da haka ya ba da izini a gicciye shi.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi ƴan'uwanmu Musulmi ne, na kuma san mun bambanta game da abin da ya sami Yesu, wanda kuke kira Annabi Isa, a ƙarshen wannan rana. Ba gardamar nan na kawo yau ba. Labarin alƙalin na kawo, kamar yadda Linjila ta ba da shi, domin duk wanda ya taɓa riƙe hatimin biro ko tiyar awo a kasuwa zai gane kujerar da mutumin nan ya zauna a kai.

Bilatus ya yi mulkin lardin Yahudiya da sunan Kaisar Tibariyas, sarkin Roma, daga shekara ta 26 zuwa ta 36 bayan haihuwar Almasihu. Mazauninsa Kaisariya ce, a bakin teku. Yakan hau Urushalima ne da sojojinsa a lokacin manyan idodi, sa'ad da birnin yake cika da baƙi, tarzoma kuma take kusa. A shekarar 1961 wasu masu tonon kufai daga Italiya suka sami wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunansa da muƙaminsa da harshen Latin. Daga sunan muƙamin nan ne Faransanci ya sami kalmar préfet, wadda mu muka mayar farfe. Watau dai farfe ne, mai shugaba a bisansa, mai talakawa a ƙarƙashinsa, mai tsoron rahoton da za a aika sama. Ikon yanke hukuncin kisa kuwa a hannunsa yake, shi ya sa manyan firistoci suka kawo masa Yesu da sassafe, a lokacin Idin Ƙetarewa.

Abin da ya kamata mu fara lura da shi, Bilatus bai ruɗe ba. Ba a yaudare shi da shaidar zur ba. Markus ya ce ya gane hassada ce ta sa aka kawo mutumin. Luka ya ƙidaya sau uku da ya bayyana cewa bai ga laifin kisa ba, Yahaya ma ya kawo sau uku. Matiyu ya ƙara da cewa yana zaune a kujerar shari'a matarsa ta aiko masa da saƙo ya fita daga sha'anin wannan adali, domin ta sha wahala a mafarki saboda shi. To, hankalinsa ya gaya masa gaskiya, bincikensa ya gaya masa, matar gidansa ma ta gaya masa. Abu ɗaya ya rage, wanda doka ta ba shi iko cikakke ya yi: ya ce a kwance mutumin ya tafi gida. Kalma guda ce. Maimakon ya faɗe ta, sai ya shiga neman hanyar da zai saki Yesu ba tare da kowa ya ce shi ne ya sake shi ba.

Da farko ya ce wa masu ƙara su tafi su yi masa shari'a bisa dokarsu. Suka ƙi. Da ya ji an ambaci Galili, sai ya ga ƙofa: ai wannan ba mutumin lardina ba ne, na Hirudus ne, ga shi kuwa Hirudus yana cikin gari saboda idi. Ya tura masa. Wane ma'aikaci ne bai san wannan dabara ba? Dosiye mai zafi ya zo teburinka, sai ka rubuta a gefensa cewa ba hurumin sarwishinka ba ne, ka aika gaba, ka yi ajiyar zuciya. Hirudus ya yi ta tambaya, Yesu bai amsa masa ba, ya yi masa ba'a ya mayar da shi. Dosiyen ya komo. Ribar da aka samu ɗaya ce, Luka ya rubuta ta: Bilatus da Hirudus, waɗanda dā ba sa ga maciji, a ranar nan suka shirya. Manya biyu sun sami zumunci a kan wuyan talaka.

Sai dabara ta gaba, wadda a ganina a nan ne shari'ar ta mutu, tun kafin a kai ga maganar gicciye. Bilatus ya ce tun da ba a sami laifi ba, zai sa a yi masa bulala, sa'an nan ya sake shi. Ku dakata a kan wannan magana, jama'a. In mutum ba shi da laifi, bulalar mece ce? Bulalar Romawa kuwa ba irin ta mushe a lakkwal ba ce, tsumagiya ce mai ƙarfe ko ƙashi a baki, mai tsaga nama. Bilatus yana ganin ya yi wayo: ya ba masu ƙara kaɗan, ya riƙe wa gaskiya mai yawa, a raba ɗaya biyu kowa ya tafi. A kasuwa wannan hali ne mai kyau. Mai saye ya hau, mai sayarwa ya sauko, a haɗu a tsakiya a yi albarka. Amma ciniki sai a kan abin sayarwa. Da Bilatus ya taya, ya riga ya shaida wa masu ihu cewa hakkin mutumin nan haja ce, farashi kaɗai ya rage. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da ke biyo baya: wanda ya sauko sau ɗaya ba tare da an matsa masa ƙwarai ba, zai sake saukowa, sai a tsaya masa.

Bayan haka ya ɗauko al'adar sakin ɗaurarre guda a lokacin idi, ya jera Yesu da Barabbas, wanda aka kama saboda tawaye da kisan kai, ya ce jama'a su zaɓa. Yana zaton ba mai hankalin da zai zaɓi mai kisa. Ya manta cewa ran da alƙali ya sa marar laifi cikin jerin waɗanda za a yi wa afuwa, ya riga ya lissafa shi cikin masu laifi. Ran da kuma ya miƙa hukunci ga ƙuri'ar tsakar gida, ya sauka daga kujerarsa ko da yana zaune a kanta. Manyan firistoci suka zuga taron, aka zaɓi Barabbas. A nan ina so in ja kunnen ƴan'uwana Kirista: taron nan ba al'ummar Yahudawa duka ba ce. Yesu kansa Bayahude ne, haka uwarsa da almajiransa da matan da suka bi shi suna kuka. Mutane ne da suka cika fili guda da safiya guda, da masu zuga a bayansu. Taron da yake karya mutum sau da yawa bai kai yawan da tsoro yake nuna masa ba.

Me ya sa farfe mai sojoji ya kasa tsayawa gaban fili guda? Ba don taushin zuciya ba. Marubutan zamaninsa sun bar mana labarinsa, ba kuwa labarin mai taushi ba ne. Yusifus, masanin tarihi Bayahude, ya ce ya ɗebi kuɗin baitulmalin Haikali ya gina hanyar kawo ruwa Urushalima, da mutane suka taru suna ƙorafi sai ya cusa sojoji cikinsu da kayan gida, da kulake a ɓoye, aka yi ta duka har mutane da yawa suka mutu. Luka ya ambaci wasu Galilawa da ya sa aka kashe suna cikin miƙa hadaya. Filo na Iskandariya kuwa ya ba da labarin wasu garkuwoyi masu ruwan zinariya da ya rataya a fadar Urushalima don girmama Kaisar. Manyan gari suka roƙe shi ya cire, ya ƙi, suka rubuta wa Tibariyas, Tibariyas ya tsawata masa ya ce a mayar da su Kaisariya. Filo ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali a rikicin nan shi ne kada a aika da wakilai Roma su tona sauran ayyukansa: cin hanci, ƙwace, wulakanci, da kisa ba shari'a.

To, ga asirin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yahaya ya ce Bilatus yana ta neman sakin Yesu har lokacin da aka jefo masa magana guda: in ya saki mutumin da ake cewa ya mai da kansa sarki, to shi ba abokin Kaisar ba ne. Daga jin sunan Kaisar gwiwarsa ta yi sanyi. Da ma hannunsa tsarkakakke ne, da sai ya ce su rubuta, shi ma zai rubuta, a zo a bincika. Amma wanda ya san abin da ke cikin akwatinsa ba ya gayyatar mai bincike. Zaluncin jiya ne ya ɗaure masa hannu ranar da ya so ya yi adalci. Markus ya taƙaita abin da cewa ya so ya faranta wa taron rai, sai ya saki Barabbas ya ba da Yesu.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa karanta labarin nan kamar jarrabawar rana ɗaya. Muna son mu yi zaton cewa ran da babban al'amari ya zo, za mu tashi tsaye, ko da yake a ƙananan abubuwa muna bin yarima mu sha kiɗa. Ma'aikacin da ya karɓi jikka biyar bara don ya gaggauta takarda, jikka goma bana don ya kau da kai, yana ganin abin ya wuce, an ci an shanye. Bai wuce ba. Wanda ya ba shi ya sani, abokin biro ya sani, mai gadin ƙofa ma ya sani. Ran da aka kawo masa takardar da za ta raba marayu da filinsu, ko ta biya kuɗin kwangilar da ba a yi ba, zuciyarsa ta ce a'a, sai wani ya matso kusa da kunnensa ya ce: Malam, yau kuma kai ne mai tsarki? Ba a bukatar a yi masa ihu. Tunatarwa kaɗai ta isa, da ɗan ambaton cewa akwai gurbi a Bilma ko Ngigmi wanda ba kowa ke so ba. Haka ɗan kasuwar da ya saba buga gindin tiya, ko cakuɗa tsohon hatsi da sabo: ran da manyan layi suka haɗa baki a ɓoye kaya sai damina ta yi nisa talaka ya galabaita, da wane baki zai ce shi ba ya ciki?

Taron kuwa ba kullum yake zuwa da ihu ba. A wurinmu ya fi zuwa da gaisuwa. Dangi ne, masu cewa Allah ya ba ka kujera ka ƙi naka. Abokan aiki ne, masu cewa kada ka zubar mana da miya. Ƴan jam'iyya ne, ƴan unguwa ne, wani lokaci ma dattawan majami'a ne, domin ikilisiya ba ta tsira daga wannan ciwo ba: an sha ganin kwamiti ya yi shiru a kan laifin mai ba da baiko da yawa, ya sauke horo a kan gwauruwa. Yanzu kuma ga taron da ke cikin wayar salula, inda ake tura maganar ɓatanci a kan mutum daga hannu zuwa hannu, kowa yana cewa shi dai turowa aka yi masa. Bitrus, wanda ya zare takobi a gaban masu kama Ubangijinsa, a daren nan ya yi mūsun saninsa sau uku. Ba a gaban sojoji aka fara ba, baiwa ce ta tambaye shi, da ƴan mutane suna jin wuta.

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gaskiya ne. Ba ina cewa jama'a kullum a kan ɓata suke ba, ko mai taurin kai shi ne mai gaskiya. Tarihin Bilatus kansa ya nuna haka. Yusifus ya ce ya taɓa shigar da tutocin soja masu siffar Kaisar cikin Urushalima da dare, abin da shari'ar Yahudawa ta hana. Jama'a suka tafi Kaisariya, suka kwanta a ƙofar gidansa kwana biyar. A rana ta shida ya sa sojoji suka kewaye su da takuba, su kuwa suka miƙa wuya suka ce gara a yanka su da a keta shari'arsu. Ya janye, ya sa aka fitar da tutocin. A ranar nan taron ne yake da gaskiya, janyewar kuma daidai ce. Sai dai abin da ya sa shi janyewa a Kaisariya shi ne ya sa shi janyewa a Urushalima. A duka biyu bai auna magana ba, ya auna nauyin masu maganar ne, da abin da zai biyo baya in labari ya kai Roma. Attaura ta riga ta yi kashedi a littafin Fitowa, sura 23, cewa kada a bi rinjaye zuwa mugunta, kada kuma mai ba da shaida ya karkata wajen masu yawa har ya karkatar da shari'a. Ba ta hana sauraron jama'a ba. Ta hana ƙidaya kawuna a maimakon bincika gaskiya.

Sai mu zo ga ruwan. Matiyu ya ce da Bilatus ya ga tarzoma na shirin tashi, ya sa aka kawo ruwa, ya wanke hannu a gaban taron, ya ce ba ruwansa da jinin mutumin nan, su suka sani. Masu kallo sun san wannan alama daga Attaura. A littafi na biyar na Musa, sura 21, an tsara cewa in an tsinci gawa a daji ba a san wanda ya yi kisan ba, dattawan garin da ya fi kusa za su wanke hannu su shaida cewa ba su yi ba, ba su kuma gani ba. Wankin nan na waɗanda ba su sani ba ne, a kan kisan da ya riga ya faru. Bilatus ya yi shi a kan kisan da ba a yi ba tukuna, wanda ba zai yiwu ba sai da izininsa, wanda sojojinsa ne za su aikata. Da hannun da ke ɗigar ruwa ya ba da umarnin. Kalmar nan ta ba ruwana tana da daɗin faɗa, ta daɗe kuma a bakin ɗan Adam. Haruna, da Musa ya sauko daga dutse ya tarar da ɗan maraƙin zinariya, ya ɗora wa jama'a, ya ce shi dai ya jefa zinariya a wuta sai ga maraƙi ya fito, sai ka ce maraƙin ne ya ƙera kansa. Sarki Saul ma ya ce tsoron mutane ya ji. Mu kuma mukan ce umarni ne daga sama, ko kowa haka yake yi, ko in ban sa hannu ba wani zai sa. Mai yiwuwa wani zai sa ɗin. Amma sunan da ke ƙasan takardar naka ne, kuma Wanda ba ya barci ya iya karatu.

Akwai wani ɗan abu a Linjilar Yahaya wanda yakan ba ni dariya da takaici tare. Bayan an gama komai, Bilatus ya sa aka rubuta allo da harsuna uku aka kafa a kan gicciye, ana kiran Yesu sarkin Yahudawa. Manyan firistoci suka dawo suka ce a gyara rubutun. A nan ne fa farfe ya tuna shi farfe ne: ya ƙi, ƙememe, ya ce rubutunsa ba ya sakewa. Ashe ya iya cewa a'a. Ya ba da ran mutum, ya riƙe allo. Kun san irinsu: shugaban da zai mayar da takarda sau uku saboda ba a sa waƙafi daidai ba, ya sa hannu a kan ƙarya ba tare da ya ɗaga ido ba.

Kujerar da ya saya da wannan tsada ma ba ta zauna masa ba. A shekara ta 36 wani mutum ya tara Samariyawa zai hau da su Dutsen Gerizim, Bilatus ya tura sojoji suka kashe mutane da dama. Samariyawa suka kai ƙara wurin Bitaliyus, babban gwamnan Suriya, wanda yake bisansa. Aka sauke shi, aka ce ya tafi Roma ya amsa a gaban Kaisar. Kafin ya isa, Tibariyas ya mutu, a watan Maris na shekara ta 37. Rahoton da ya gudu dai shi ya kama shi. Dutsen nan mai sunansa kuma, masu gini na baya sun cire shi daga inda yake sun sa shi cikin matakalar gidan wasa, a nan aka same shi.

Amma ranar shari'ar ba ta ƙare da ruwan wanke hannu ba. Da yamma wani mutum ya shiga wurin Bilatus, sunansa Yusufu, daga garin Arimatiya. Matiyu ya ce mai dukiya ne, Markus ya ce ɗan majalisa ne mai daraja. Watau attajiri ne kuma mai muƙami, yana da abin da zai rasa ta fuska biyu. Shi ma ba jarumi ba ne tun asali: Yahaya ya ce almajiri ne a ɓoye, saboda tsoro. Sai dai Luka ya shaida cewa sa'ad da majalisarsu ta yanke shawara a kan Yesu, shi bai yarda ba. Ƙin yardarsa bai hana komai ba, an yi abin da aka yi. Yanzu kuwa, lokacin da almajirai na fili suka watse, Yesu kuma ba shi da sauran abin da zai ba kowa, sai ga Yusufu a ƙofar farfe yana roƙon gawar wanda gwamnati ta kashe, abin da ba zai ɓoyu wa abokan majalisarsa ba kafin gari ya waye. Bilatus ya kira shugaban sojojin ya tabbatar da mutuwar, ya ba da izini. Yusufu ya sayi likkafanin lilin, Nikodimu, wani ɗan majalisar wanda dā da dare yake zuwa wurin Yesu, ya kawo kayan ƙanshi masu yawa, suka sa shi a sabon kabarin da Yusufu ya sassaƙa wa kansa cikin dutse, suna gaggawa, domin rana ta kusa faɗuwa, Asabar tana shigowa.